Ragon Kawu da Marubutan Faransa

Shekarar da zan gama iniversite a Yamai, malamar da ke duba aikina ta zaɓa mini wani batu da ban taɓa tunaninsa ba. Ta ce in rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu, a kan yadda marubutan Faransa suka karɓi silima lokacin da ta fara fitowa, da abin da suka yi da ita a cikin labaransu. Na ce to, domin a lokacin duk abin da ta faɗa to nake cewa. Burina kawai in sami takarda, in koma Filinge in zama mushe, wato malamin makaranta.

Na yi wata shida ina karatu a kai. Finafinan farko gajeru ne, ba murya ba launi, kuma a rumfunan wasa ake nuna su, kusa da masu rawa da biri. Marubuta da yawa sun raina abin. A labaransu, wanda ya shiga ɗakin silima yawanci ɗan zaman banza ne, ko ƴar aikin da ta gudo daga kicin. Wasu kuma sun rubuta labarin mutumin da ya kamu da son matar da ya gani a jikin farin ƙyalle, ko wanda ya ga kansa a fim ya kasa gane kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, cikin masu zagin nan akwai waɗanda rubutunsu ya soma kama da abin da suke zagi. Sai ka ga jimlolinsu sun gajarce, suna tsalle daga fuska zuwa hannu, daga hannu zuwa ƙofa, kamar mai riƙe da kamara.

Na tattara wannan duka na kai wa malama. Bayan mako biyu ta mayar mini da takardun, jan biro ya cika su. Ta ce, "Ka ƙirga mini masu zagi, ka ƙirga mini masu yabo. Ba ka gaya mini abin da ya ƙona musu rai ba. Tafi gida ka yi tunani, ka dawo bayan hutu."

Haka na hau mota na nufi ƙauyenmu a Kurfai, arewa da Filinge, da odinata, wato kwamfuta, a jaka da ɓacin rai a zuciya.

Gidan kawuna na sauka, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ƙaramin aji. Kawu manomi ne, yana kuma kiwon raguna yana kai su Baleyara. Gajere ne, amma ba wanda ya taɓa gaya masa, shi kuma bai taɓa zargin haka ba. Yana da wata babbar malfa da ba ya rabuwa da ita, kuma tafiyarsa ta ƙasaita ce, hannu biyu a baya, kamar mai duba gonar wani. Matarsa, wadda nake kira Inna, doguwa ce marar yawan magana. Na girma a gidan ban taɓa ganin haƙoranta na ciki ba.

An gama maimai, hatsi ya fara fitar da kai, aiki ya yi sauƙi. Wata rana da hantsi ina zaune ƙarƙashin gawo a ƙofar gida da odinata a cinya, sai Kawu ya jawo tabarma ya zauna.

"Ɗana, wai mi kake karantawa haka shekara da shekaru?"

Na yi masa bayani yadda zan iya. Ya saurara yana tauna goro. Da na gama sai ya ce, "Ke nan wasu sunka yi wasa, wasu sunka kalla sunka ji haushi sunka rubuta, kai kuma kana rubutu bisa haushinsu."

"Kusan haka ne, Kawu."

"Kuma duk sun mutu?"

"Duk sun mutu."

"To Allah shi ba da sa'a," in ji shi. Sai ya ce in nuna masa abin da ya ba su haushin.

Ina da wasu tsofaffin finafinai a odinata, na buɗe masa ɗaya. Wasu Anasaru ne masu huluna suna bin wani da gudu, suna tafiya firgit-firgit kamar zabi, suna faɗawa kan juna. Kawu ya saba ganin bidiyo a talho, wato wayar hannu, na wa'azi da na kokawa, amma bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya tambaye ni ko muryar ce ta lalace. Na ce haka aka yi shi. Ya tambaya ko a lokacin ƙasarsu ba ta da launi ne, sannan ya yi dariya don in san wasa yake yi. Ya sa na maimaita sau uku, kana ya yanke hukunci.

"Wanga ba abin jin haushi ba na. Waɗanga marubutan naka ba su da aikin yi. In da ni anka ɗauka, da sun ga yadda mutum ka tahiya."

Ni na ja wa kaina. Na ce ai talhona zai iya ɗaukar irin wannan, baƙi da fari, ba murya. Ya ce zai duba ko yana da lokaci. Washegari tun kafin in sha fura na same shi tsaye a tsakar gida cikin rigarsa ta sallah, ya sa kwalli.

Shi ya tsara komai. Zai fito daga gida, ya kwance babban ragonsa, ya ja shi har bakin gona, ya tsaya ya dubi hatsinsa, shi ke nan. Ragon fari ne mai baƙin kai, ƙahonsa ya yi nadi biyu, kuma Kawu ya fi shekara yana ba shi dusa da harawa da hannunsa. Mun ɗauki fitowa daga gida sau huɗu, domin kullum sai ya tuna bai gyara wani abu ba. A karo na huɗu ya ce in durƙusa in ɗauko shi daga ƙasa. Ban san inda ya samo wannan dabarar ba.

Komai ya tafi daidai har bakin gona. Ya tsaya, igiya a hannun hagu, ya ɗaga haɓa yana duban hatsi. Sai ga iskar hadari ta taso daga gabas, ta ɗauke malfar ta jefa ta cikin kunyoyin gona. Kawu ya dube ni, ya dubi malfar, sannan ya saki igiya ya bi ta. Malfa ta mirgina, ya ƙara sauri. Ta tsaya, ya duƙa zai ɗauka, ta sake gaba. A duƙawa ta biyu ragon, wanda bai taɓa ganin maigidansa ta wannan fuskar ba, ya ja da baya taku uku, ya sunkuyar da kai, ya taho.

Ban daina ɗauka ba. Na sha tambayar kaina dalili, kuma har yau ba ni da amsar da zan iya faɗa a gaban mutane. Kawu ya shige cikin hatsi da ka, ƙafafunsa biyu suka yi sama, takalmi ɗaya ya fita. Ragon ya taka a hankali ya je ya fara cin gefen malfar.

Bai ji ciwo ba. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ka cire wanga na ƙarshe." Na ce to.

Da azahar, ina son in ga yadda abin zai yi kama da na da, sai na ƙara masa sauri kaɗan. Ina cikin kallo ban san Inna ta tsaya a bayana da ƙwaryar fura ba. Na ji wani sauti kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Da na waiwaya sai na ga Inna ce ke dariya, ta jingina da rumbu, fura na zuba a zanenta. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta zauna a ƙasa, ta share hawaye da bakin mayafi, ta miƙo mini ƙaramin talhonta.

"Sa mini shi nan."

"Inna, Kawu ya ce a cire."

"Ai cirewa za ka yi. Ka cire daga naka ka sa cikin nawa."

Na sa mata, bayan ta yi alkawarin ita kaɗai za ta riƙa kallo. Kwana biyu bayan haka ta tafi suna wajen danginta a Damana.

Ranar kasuwar Baleyara Kawu ya ɗauki raguna biyu ƙanana ya tafi da sassafe. Kafin la'asar ya dawo, da ragunan duka biyu. Bai yi sallama da ƙarfi ba kamar yadda ya saba. Daga baya na ji abin da ya faru daga bakin wani maƙwabcinmu da suka hau mota ɗaya. Tun a tasha wani dillali Bazabarme ya tare shi da fofo, gaisuwarsu, ya tambaye shi ya jiki, da kuma ya mai ƙahon. Masu sayar da gishiri suka taso suna gaishe shi. Wani Bafulatani ya ce shi ba ya son waɗannan ƙananan, wancan na cikin talho yake so, ko nawa ne. Wani kuma ya nuna masa fim ɗin da kansa, bai san shi ne ba, yana ce masa dubi wannan ɗan guntun tsohon.

Kalmar guntu ce ta fi yi masa zafi. Ya zauna a zaure ya kira ni. Na zo ina jiran faɗa, amma bai yi ba. Ya ce in nuna masa. Ya kalla tun daga farko har ƙarshe, fuskarsa ba motsi.

"Wanga ba ni ba na," ya ce.

"Kai ne, Kawu."

"Rigata ta, ragona na, amma tahiyar ba tawa ba ta. Kuma abin ga ya rage mini tsawo. Shina da ƙarya cikinai." Ya ture talhon gefe. "Ɗauko kaye da bik."

Na ɗauko littafin rubutun da biron. Ya ce tunda na'ura ta yi masa ƙazafi, za a rubuta yadda abin ya faru a takarda, domin takarda tana jiran mutum ya gama magana, ba ta kama shi yana duƙe. Ya gyara zama, ya fara, ni ina rubutawa.

Kwana uku muka yi a kan wannan aiki, kullum daga hantsi zuwa azahar. Labarin ya fara da kakan kakansa da yadda ya sari gonar. Sai a shafi na biyar aka kai ga malfa. A takarda iskar ta zama guguwa wadda ta tumɓuke goruba biyu. Kawu bai bi malfa da gudu ba, ya taka ne da natsuwa don ya ɗauko ta kada ta faɗa rijiya ta ɓata wa jama'a ruwa. Babu rijiya a wurin, amma na rubuta. Ragon kuma bai tunkuye shi ba. Ya hango maciji ne a kusa da ƙafar maigidansa, sai ya ture shi don ya cece shi.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Jiya kunama ta."

"Ke, ba da ke ake ba."

"Na dai ji ka ce kunama."

"To sa duka biyu," ya ce mini. Na sa maciji da kunama, suna tafe tare.

Ya kuma sa na rubuta dogon sharhi a kan masu kallon talho. Ya ce mutane ne da ba su iya sauraron labari, sai an nuna musu kamar jarirai. Ya ce abin wasan yara ne, ba zai kai baɗi ba. Ina rubutawa ina jin kamar na taɓa karanta maganar a wani wuri, da wani harshe.

A rana ta biyu ne abin ya fara canzawa. Mun kai inda rago zai taho, sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Kada ka ce rago ya taho. Rubuta idona tukuna. Idona kaɗai, shina kallon nesa." Na rubuta. "Yanzu ƙahon rago. Yanzu koma ga idona. Yanzu ƙafar rago bisa ƙasa. Kada ka tsawaita, yanke nan." Yana magana yana haɗa yatsunsa huɗu kamar taga, yana leƙa zaure ta ciki.

Na ajiye bik na dube shi. Na ce, "Kawu, ina ka koyi wannan?"

"Koyon mi? Haka ake ba da labari tun kaka da kakanni."

Ba haka yake ba da labari ba. Na san labaransa tun ina yaro, masu tsawo ne, sai ya bi dangin kowa kafin ya faɗi abin da mutum ya yi. A cikin kwana biyu ya kalli fim ɗin nan da yake ƙi fiye da sau ashirin, wai yana neman inda ƙaryar take, har abin ya shige shi bai sani ba.

Da yammacin ranar na buɗe odinata na sake rubuta babi na uku na memuwar ɗina daga farko. Na gane cewa mutanen nan nawa na Faransa sun saba su ne masu cewa ga yadda mutum yake tafiya, ga yadda yake faɗuwa, ga abin da za a gani da wanda za a rufe. Sai ga wani akwati ya zo yana nuna komai ba tare da ya nemi izininsu ba, kuma jama'a sun fi zuwa wurinsa. Dole su ji zafi, dole kuma su yi ta leƙensa. Na rubuta shafi goma sha biyu ban tashi ba, sai da Inna ta ce tuwo zai huce.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kawu ya tara dattawan unguwa a zaure, ya ce in karanta musu gaskiyar magana. Mutum takwas suka zo. Na karanta da murya mai nauyi yadda ya umarta. Sun saurara da ladabi. Liman ya gyaɗa kai a wurin kakan kaka. A wurin maciji da kunama wani ya yi tari mai tsawo. Da na kai ƙarshe sai wani tsoho mai gyaran amalanke ya ce, "Madalla, rubutu ya yi kyau. To a nuna muna na talhon mu gwada."

Na ɗauka Kawu zai kore su. Sai ya miƙo hannu ya karɓi talhon daga wurina, ya ce shi zai riƙe. Suka matso suka kewaye shi. Tunda fim ɗin ba murya, shi ya zama muryar. "Ga ni nan na hito. Ku dubi riga. Nan ina duban hatsi, kun ga yadda ya yi kyau bana. Ga guguwar nan, ba ta hito duka ba don talhon ƙarami na." Da rago ya ja da baya, sai Kawu ya ɗora babban yatsansa a kan gilashin ya rufe tsakiya. Ba a ganin komai sai ƙafafu biyu da suka ɓullo ta saman yatsan, da takalmi yana tashi. "Nan macijin yake," ya ce, "ƙarƙashin yatsana."

Liman ne ya fara dariya. Ya yi ƙoƙarin mayar da ita tasbihi, abin ya ƙi. Daga nan zauren ya rikice. Kawu ya daure fuska na ɗan lokaci, sannan na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya mayar da fim ɗin baya da kansa, ya sake ba da labarin, wannan karon macijin ya ƙara tsawo. Sun kalla sau biyar. A na ƙarshe ma ya manta bai sa yatsa ba.

Da hutu ya ƙare na koma Yamai. Malama ta karanta sabon babin a gabana, ta cire tabarau ta tambaye ni wane littafi na samu a ƙauye. Na ce ba littafi ba ne, kawuna ne da ragonsa. Ta ce ba za a iya sa rago a jerin manazarta ba, amma in bar babin yadda yake. Ranar da na kare aikin a gaban malamai uku, ɗaya daga cikinsu ya matsa sai na faɗi inda tunanin ya fito. Na ba su labarin a taƙaice. Suka nemi ganin fim ɗin, na ce ba ni da izinin mai shi. Ashe shugaban zaman mutumin wajenmu ne. Ya ciro nasa talhon daga aljihu, ya ce ko wannan ne. Ƙanwarsa ta turo masa tun watan jiya.

Na koma gida lokacin girbi da takardata. Kawu ya karɓe ta ya juya ta gaba da baya, ya sa mini albarka, sannan ya ce akwai aikin da ya rage. Yana son a ɗauki fim na biyu, na gaskiya. An ɗaure ragon a bayan gida da igiya biyu, Inna na tsaronsa. Malfa sabuwa, an sa mata zare a haɓa. Kawu ya sa aka kawo turmi aka kife a gaban rumbu, aka jera damman hatsi suka rufe shi, ya hau ya tsaya. Ya ce in fara.

Minti huɗu ya yi a tsaye bai motsa ba, hannu biyu a baya, yana kallon gabas. Sau ɗaya kawai ya ƙifta ido da ƙarfi saboda ƙuda. Da ya gaji ya ce in yanke, na taimaka masa ya sauko.

Ya sa na tura wa duk wanda ke da lamba a talhona. Ba wanda ya ce komai a kai, sai wata ƴar'uwarmu a Filinge da ta bugo ta ce hoton da na turo mata ya ƙi motsi, ko in sake turowa. Kawu bai damu ba. Ya sayi talho mai gilashi na kansa, na sa masa sabon fim ɗin a ciki. Inna ta ce mini yakan zauna ƙarƙashin gawo bayan la'asar ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, wani lokaci sau biyu, yana gyaɗa kai.